Numfashin da Baba Yake Yankewa

Tsoro ya kama Auta ne a tsakanin jimla da jimla. Mahaifinta ya gama faɗin "muna yi wa fasinjoji barka da zuwa", ya tsaya zai ja numfashi, sai ta ji abin a cikin hedifon da ke kunnenta: wani siririn fito, kamar iska na kutsawa ta kafar taga. Ya ci gaba da karatu, muryar nan tasa mai kauri ta cika mata kunne kamar kullum. Ya sake tsayawa, fiton ya sake dawowa.

Ta ɗaga masa hannu ta ɗan gilashin akurkin katakon da yake shiga idan za a ɗauki murya.

"Me kuma?" in ji shi. "Na ci wani harafi ne?"

"A'a, Baba. Bari in duba waya."

Ta duba wayar makirufo, ta sake wata. Ta leƙa fanka, a kashe take. Ta taɓa taga, a rufe take ruf, da tsohon bargon da suke toshe ta da shi. Ta leƙa shagon telan da ke jikin nasu, ta tarar ya tafi cin abinci, kekensa a lulluɓe. Ta dawo ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Fiton yana nan, kuma ba ya zuwa sai lokacin da ƙirjin Baba ya ɗaga. Ta zare hedifon daga kunne ɗaya ta saurari ɗakin da kunnenta kawai: babu komai sai ƙarar babura daga titi. Ta mayar, ga shi nan. Ta ɗago ta zuba masa ido ta gilashi.

"Ke, kallon me kike min kamar kin ga wanda ya dawo daga lahira?"

A unguwar ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Murya ake ce masa, har yaran da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun san shi, domin shi ne ke magana daga lasifikar da ke kan motar mai sabulu, shi ne ke shelar an buɗe sabuwar makaranta, shi ne ke cigiyar akuyar da ta ɓata da yaron da ya bi 'yan kallo bai dawo ba. Yana saurayi ya fara, da lasifikar hannu a bakin tasha, yana yi wa masu shaguna talla. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya ji shi, ya ce wannan murya ta fi ƙarfin bakin titi, ya ja shi ya riƙa karanta sanarwa. Bai daɗe can ba, domin shi mutum ne da ba ya son a ce masa zo nan, tsaya can. Ya kama wannan ɗaki a bayan layin teloli, ya manna wa bango kwalayen ƙwai, ya sayi makirufo na hannu mai nauyi kamar taɓarya. Da muryar nan ya ciyar da gida, da ita ya aurar da yayyen Auta, da ita ya kai Auta jami'a ta karanto aikin sauti. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya ɗaga murya a gida ko an ɓata masa rai. Yakan ce, "Manomi ba ya sara dutse da fartanyarsa."

Tsakanin makirufo da kwamfuta akwai wani ɗan akwati da 'yan sana'a ke kira firiyam. Aikinsa ɗaya ne: muryar da makirufo ya ɗauko ba ta da ƙarfi, shi ke ɗaga ta har ta isa a naɗa. Na Baba mai araha ne, baƙi, fentinsa ya goge a inda yatsa ke taɓawa. Makirufon nasa kuwa irin mai nauyin ji ne, sai an murɗa akwatin kusan ƙarshe kafin murya ta fito, kuma da zarar an murɗa shi haka sai ya kama "shiiii" a ƙarƙashin komai, kamar ana yayyafi a kan kwano can nesa. A lasifikar mota ba mai ji. Baba ma so yake yi. Tsohuwa yake ce wa akwatin, yana shafa shi kamar kan jika.

Auta ce ta kawo canji. Da ta gama karatu ta zaga neman aiki har takalminta ya cinye, ba ta samu ba, sai ta dawo shagon Baba ta zauna a gaban kwamfuta. Ita ta nemo musu aikin wani kamfanin motocin safa da ke son murya ɗaya a duk tashoshinsa. Suka aika gwaji, kamfanin ya ce murya ta yi, amma wannan yayyafin da ke bayanta ba za su karɓa ba. Sai ta je wurin Injiniya, wanda ya koyar da su aikin situdiyo a shekarar ƙarshe, ta roƙe shi aron nasa akwatin, irin wanda kuɗinsa zai sayi shagon Baba da na tela a haɗe. Shi ko an murɗa shi ina, shiru ne a bayansa kamar cikin rijiya. Ranar ce rana ta farko da suka jona shi.

"Baba, fito ka ji wani abu."

Ya fito yana gyara hula. Ta sa masa hedifon ta kunna. Tana kallon fuskarsa. Lokacin da fiton ya zo, idonsa bai motsa ba, amma yatsunsa sun damƙe bakin tebur, sannan suka saki.

"To, me aka yi?" Ya cire hedifon ya ajiye. "Kayan masu kuɗi ke nan. Kin ɗauko mana magulmaciya, abin da ba a faɗa ba ma sai ta faɗa. Maido min Tsohuwata."

"Baba, ba akwatin ba ne."

"Ke da akwatin yaushe kuka saba har kike ba da shaida a kansa? Maido ta."

Ta mayar da Tsohuwa, don ba a yi wa Baba musu sau biyu. Ya shiga akurki ya karanta jimlar nan. Ta saurara har tana riƙe nata numfashin. Yayyafi ya rufe komai. In ba don ta san inda za ta nema ba, da ta rantse babu wani fito.

"Kin ji ko?" ya ce yana dariya. "Tsohuwa mai rufin asiri. Ku 'yan boko komai sai kun tona."

Wannan kalma ta rufin asiri ce ta tsaya mata a rai. A sana'arsu, idan an gama ɗaukar murya, akan bi ta a allon kwamfuta a yanke duk inda mai karatu ya ja numfashi, don talla ta fito sumul. Aiki ne mai gundura, na yara da sababbin shiga, kuma tun tana sakandare ita ke yi masa idan ta zo hutu. Amma tun da ta dawo daga jami'a, Baba bai bar ta ta yi ba ko sau ɗaya. Da an gama sai ya ce, "Tashi ki sayo mana ruwa, ni zan yanke, hannuna ya fi naki sauri." Ta ɗauka wasa ne irin nasa. Kuma ya koyi wata sabuwar ɗabi'a: duk rubutun da aka kawo, sai ya bi shi da biro yana datse dogayen jimloli, shi da a da yake karanta sanarwar biki tun daga sunan ango har adireshin gida a numfashi ɗaya, yana alfahari da hakan.

Da ya fita salla ta buɗe ayyukan watannin baya. Ko'ina ta duba tsakanin jimloli, layi ne miƙaƙƙe, shiru tsaf. Bai bar ko ɗaya ba. Ba ta da hanyar sanin yaushe abin ya fara, ko da wane sauri yake ƙaruwa.

Washegari da safe ta kwafi ɗan abin da ta naɗa da akwatin aro, ta hau mota zuwa situdiyon Injiniya. Duk hanya addu'a ɗaya take yi, Allah Ya sa akwatin ne ya lalace. Ta gwammace a ce ita ta ɓata kayan mutane, ta yi shekaru tana wanke-wanke a situdiyon don ta biya.

"Malam, ina jin akwatinka yana da matsala," ta ce tun kafin ta zauna. "Yana ƙara wani sauti."

Injiniya ya kalle ta ta saman tabarau. "Akwatina? Kawo mu ji."

Ya kunna a manyan lasifikunsa. Ya mayar baya ya sake kunnawa. Ya rage muryar ya bar wurin numfashin kaɗai. A ɗakin nan mai sanyi da shiru, fiton ya fito ƙarara, har da wata 'yar karkarwa a ƙarshensa da ba ta ji ba a shago.

"Wane ne wannan?"

"Babana ne."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Ai na koya muku. Mai araha yana ƙara nasa a kan naka. Wannan kuwa abin da ya sa yake da tsada, ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Ni ba likita ba ne, 'yata. Amma na naɗi masu mura, na naɗi masu asma, na naɗi mashaya taba. Wannan daban ne. Iska ce ke neman hanya ta wurin da ya matse. Kada ki jira sati ya zagayo."

"Ba zai je ba, Malam."

"To ki riƙe akwatin har sai ya je."

Ba ta koma shago ba, gida ta wuce. Ta tarar da Mama a tsakar gida tana shanya. Ta tsaya ta kama mata bakin zane suna matsewa, ta rasa ta inda za ta fara.

"Mama, Baba yana barci lafiya kuwa?"

Mama ta ci gaba da matse zanen da ya riga ya tsane. "Me kika gani?"

"Ba gani na yi ba, ji na yi."

"Ya ce sanyi ne." Ta yarfa zanen a igiya. "A zaune yake kwana, ya jingina da bango. In ya miƙe sai ya ce an ɗora masa dutse. Nama ma ya daina ci, wai haƙori. Na yi magana, na yi magana, ya ce in na sake na gaya wa yara bai yafe ba. Ni kuma me zan yi? Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi min ba, rana ɗaya ya ce bai yafe ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kina can kina jarabawa. Ya ce kada a ɗaga miki hankali."

Auta ta zauna a bakin rijiya.

Kwanakin da suka biyo baya ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta roƙe shi, ya mayar da abin wasa. Ta yi kuka, ya ce ta adana hawayen sai ranar da za a kai ta gidan miji. Ta kira babban yayanta a waya, shi kuma ya kira Baba, Baba ya cika masa kunne da muryar nan mai daɗi har Yaya ya dawo yana ce mata, "Ke Auta, tsoho garau yake, kin cika firgita." Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: muryar ba ta canza ba tukuna, ko ta canza shi ya san yadda zai lanƙwasa ta. Duk wanda ya ji shi sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta daina cin abinci sosai. A mota, a layin famfo, ko'ina ta tsaya sai ta tsinci kanta tana sauraron numfashin mutane.

Wata rana da azahar, shago ba kowa, ta tare shi.

"Baba, me kake tsoro?"

Ya juya biro a hannu. Da ya buɗe baki, babu wasa a ciki.

"Kin tuna abokina na gidan rediyo, mai karanta labarai? Ba za ki tuna ba, kina ƙarama. Shi ma maƙogwaro ne. Da ƙafarsa ya shiga asibiti yana yi wa nas-nas barkwanci. Ya fito da rami a nan," ya taɓa ƙasan wuyansa, "da ɗan allo a aljihu. In na je gaishe shi sai ya rubuta min 'sannu'. Mutumin da gari ke yin tsit idan ya ce ga labarai. Ni ban iya noma ba, Auta, ban iya ɗinki ba. In aka karɓe wannan, me ya rage? Tsoho mai cin abinci."

"Ya rage babana."

"Ki bari mu gama aikin motocin nan. In mun gama, sai mu gani."

Ta san "sai mu gani" ɗinsa. Bayan motoci akwai makaranta, bayan makaranta akwai mai sabulu.

"To," ta ce. "Amma kamfani ba za su karɓi Tsohuwa ba. Da na aro za mu yi."

"Na ji. Ni zan yanke."

Suka yi aikin a yini biyu, sunan tasha bayan sunan tasha, gargaɗin a kula da kaya, roƙon a ba tsofaffi wurin zama. Ya karanta su kamar yana ba jikoki labari. Da aka gama ya zauna ya yanke numfashinsa tas, ya share, ya tafi gida da murmushi. Bai san ta saita kwamfutar tana ajiye kwafi na biyu ba.

Da sassafe ta riga shi zuwa. Ta buɗe kwafin ta yi aikin da ta iya tun tana yarinya, amma a juye. Ta yanke kalmomin duka ta zubar, ta bar numfashin. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya ba tazara. Sau da yawa sai ta tsaya ta kifa kai a tebur, domin ba ta taɓa yi wa Baba abin da ya hana ba, kuma ta san wannan tsiraici ne za ta buɗe masa. Sannan ta aika a kira Mama, ta ce Baba na nemanta a shago.

Suka iso kusan tare. Mama ba ta cika zuwa shagon ba, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa.

"Malam, ka ce in zo?"

"Ni? Yaushe?" Ya juya ya kalli Auta. "Ke, wace tsiya kika ƙulla?"

"Baba, ka yafe min."

Ta kunna a babbar lasifika.

Babu kalma ko ɗaya. Mutum ne kawai yake jan iska, yana ja, yana ja, kowane ja da fitonsa, wani gajere, wani dogo mai karkarwa, kamar wanda aka danne a ruwa yana ɗago kai. A cikin magana, kowanne ɗan abu ne da ke wucewa kafin a lura. A jere kuwa ba a iya jurewa. Keken tela ya tsaya a ɗaya gefen bangon. Mama ta toshe baki da mayafi, ta sulale ta zauna a dandamalin ƙofa.

"Kashe," in ji Baba.

Auta ba ta kashe ba. Hawaye na zuba mata, ta riƙe hannunta a cinya.

"Na ce ki kashe!"

Rabon da a ji ya ɗaga murya tun kafin a haife ta. Muryar ta tafi sama, ta tsage a tsakiya, tari ya sarƙe shi. Ya dafa akurki ya sunkuya. Da tarin ya lafa yana neman iska, sai ga fiton a fili, a cikin ɗaki, ba akwati ba lasifika, yana amsa wanda ke fitowa daga na'ura. Auta ta kashe. Nasa bai tsaya ba.

Mama ta ce daga inda take zaune, "Malam, ka ce ba ka yafe ba in na faɗa. Ban faɗa ba, sai da yarinyar nan ta ji da kunnenta. To ni ma yau ban yafe ba in ka bar ni da wannan."

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe, ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya kaɗe ta a gwiwa.

"Wannan ni ne?" ya tambaya a hankali.

"Kai ne, Baba."

"Haka kike ji kullum, Maman yara?"

"Haka nake ji."

Ya kalli makirufonsa ta gilashi. "To ku nemo mota. Amma kada wanda ya gaya wa tela inda za mu."

"Ai na ji," in ji tela ta bayan bango. "Allah Ya ba da lafiya, Mai Murya."

A asibiti suka yi layi daga wannan taga zuwa waccan har rana ta karkata. Likitan maƙogwaro mace ce mai ƙaramin jiki da saurin magana. Auta ta ciro waya za ta kunna mata abin da ta naɗa, likitar ta ce ba sai ta kunna ba, tun daga ƙofa ta ji. Ta zura masa siririyar na'ura ta hanci tana kallon allo. Baba ya damƙe hannun kujera, idonsa na ruwa.

"Baba, akwai tsiro a ƙasan inda murya ke fita, ya cinye wani sashe na hanyar iska. Tun yaushe kake jin wannan?"

Ya kalli Mama, ya kalli Auta. "An ɗan jima."

"An jima sosai," in ji likitar. "Ba zan ce maka ga irinsa ba sai an ɗebi kaɗan an auna. Akwai wanda ake cirewa mutum ya koma aikinsa. Akwai wanda ba haka ba."

"Muryar fa, likita?"

"Bari mu fara da numfashin."

Suka kwantar da shi. Kashegari aka shiga da shi aka ɗebi naman, aka fito da shi yana barci, bakinsa a buɗe. Da ya farfaɗo aka ce kada ya yi magana sai an ba shi izini, ko raɗa kada ya yi. Ya bi umarnin fiye da yadda kowa ya zata. Yana kwance a gadon kusa da taga, an tada masa kai da matasai, idan Auta ta shigo sai ya bi ta da ido. Ba ta san ko fushi yake da ita ba. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya kama hannunta ya riƙe, bai girgiza kai ba, bai gyaɗa ba.

Yayyenta sun zo, suna ta tambayarta me likita ta ce, kamar ita ce ta karanci likitanci. Mama ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin marasa lafiya, ta ƙi komawa gida. Auta kan je taga inda ake karɓar sakamako da safe, ta koma da yamma. Ma'aikacin wurin har ya gane ta, tun daga nesa yake ɗaga mata hannu alamar tukuna.

An ce naman an aika shi wani babban ɗakin gwaji, idan ya dawo likita za ta kira su ta faɗa musu ko wane iri ne, da abin da za a yi. Har yau bai dawo ba. Suna jira.